Ladubban Shari'a Tsakanin Mai Goyon Baya, Koci da Masu Kulob

Ka sani, ya kai ɗan'uwa mai goyon bayan Manchester United, Allah ya sanyaya zuciyarka, cewa tun daga shekarar 2013, lokacin da dattijo Alex Ferguson ya ajiye aiki bayan ya ɗauki kofin Firimiya sau 13, babu wani gidan kallo daga Kano zuwa Damagaram da ba ya rikiɗewa ya zama zauren shari'a a duk daren da aka lallasa ƙungiyar nan. Kuma tun da yake alƙalan wannan zaure ba su da naɗi, ba su da albashi, hasali ma su ne ke biyan kuɗin shiga, ya wajaba a tanadar musu 'yan ƙa'idojin da za su tsare su daga zalunci, domin hukunci, ko da a kan benci aka yanke shi, alhakinsa yana wuyan wanda ya yanke.

Shawara ta farko, kada ka yanke hukunci a daren da aka ci ka. Malaman fiƙihu sun karhanta wa alƙali zaman shari'a yana cikin fushi, ko yunwa, ko matsanancin zafi. Kai kuwa, da ƙarfe goma na dare, a cikin rumfar kwano, ba ka ci tuwo ba, janareto na ruri, ɗan Liverpool na ƙyaƙyata dariya a ƙeyarka, babu ɗaya daga cikin waɗannan illoli da ba ta tabbata a kanka ba. Ka tuna da shekarar 2023: Erik ten Hag ya ɗauki kofi a Wembley, aka yi ta kirarinsa, bayan mako guda Liverpool ta zura masa 7 ba ko ɗaya a Anfield, bakunan da suka yi kirarin su ne suka ce a kore shi kafin gari ya waye. Saboda haka ka tafi gida, ka ci abinci, ka kwanta, ka yi sallar asuba. Abin da ya rage a ranka bayan karin kumallo, shi ne ra'ayinka na haƙiƙa.

Ta biyu, ka ƙirga waɗanda aka tuhuma kafin wanda ke gabanka. An kawo David Moyes, zaɓin Ferguson da kansa, aka ba shi kwantiragin shekara shida, aka sallame shi kafin ya cika guda. An kawo Louis van Gaal, ya ɗauki kofin FA a 2016, aka sallame shi bayan kwana biyu. An kawo Jose Mourinho, wanda ya ci kofin zakarun Turai da Porto da Inter, ya ɗauki kofi biyu a 2017, ya tafi a ƙarshen 2018. An gwada ɗan gida, Solskjaer, mai ƙwallon nan ta 1999. An gwada Rangnick, da Ten Hag, da Ruben Amorim wanda ya ci gasar Portugal sau biyu da Sporting. Mutane ne mabambanta ƙasa, mabambanta ɗabi'a, mabambanta mazhaba a sha'anin ƙwallo, akwai mai zafi, akwai mai sanyi, akwai mai taurin kai, amma babu wanda ya dawo da kofin Firimiya a cikinsu. To, idan an canza mutum bakwai ciwo bai canza ba, ƙiyasi mafi sauƙi yana nuna cewa illar tana wurin abin da ba a canza ba. Wanda kuwa ya ci gaba da kiran «a kori koci» shi kaɗai, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ta uku, wadda ita ce ginshiƙin al'amarin, ka koyi ɗan hisabi, domin ba a shari'ar masu kulob da tsawa, sai da alƙalami. A shekarar 2005 attajirin Amurka Malcolm Glazer da 'ya'yansa suka sayi ƙungiyar a kan kimanin fam miliyan 790, amma mafi yawan kuɗin rance ne, kuma suka ɗora bashin da ya haura fam miliyan 500 a kan ƙungiyar da a da ba a binta komai. Ma'ana, kuɗin tikiti da na riguna da na talabijin, waɗanda ya kamata su koma cikin fili, sai wani kaso mai tsoka ya riƙa tafiya wajen biyan kuɗin ruwa, shekara bayan shekara. Sai dai adalci ya hana ka ɓoye shaidar da take taimakon wanda kake ƙara: a ƙarƙashin waɗannan mutane Ferguson ya ci gasar sau biyar, ya ɗauki kofin zakarun Turai a 2008, kuma bayan tafiyarsa ba a yi rowar sayen 'yan wasa ba. Don haka kada ka ce marowata ne, ɗan Chelsea zai kayar da kai da hujja a gaban jama'a. Ka ce sun rasa tadbiri, sun damƙa sha'anin ƙwallo ga masanan kasuwanci, har aka sayi Paul Pogba a kan fam miliyan 89 a 2016 ya fita kyauta a 2022, har aka bar rufin Old Trafford ya tsufa, duniya ta ga ruwa na kwarara daga samansa a ranar wasa da Arsenal a 2024. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan kuwa baƙo ma ya sani, kuma babu kocin da aka ɗauka domin gyaran kwano.

Ta huɗu, kada wannan ya sa ka wanke koci tas. Ka raba gado bisa haƙƙi: zaɓen goma sha ɗaya, da canji a kan lokaci, da tsarin baya da tsakiya, da tarbiyyar ɗakin sauya kaya, duk nasa ne, haka nan ɗan wasan da ya nace sai an sayo masa, kamar yadda Ten Hag ya bi Antony har Ajax a 2022 da kuɗi masu nauyi. Idan kuma wani ya jawo maka ƙissar Ferguson, wanda ya zo a 1986, bai ɗauki kofi ba sai 1990, bai ci gasa ba sai 1993, har aka ɗaga ƙyalle ana neman ya tafi, ka karɓi ƙissar da girmamawa, sa'an nan ka tambaye shi alama. Domin haƙuri yana da sharaɗi, wato a ga yara suna ƙaruwa, a ga wasa yana ɗaukar siffa, kuma ba kowane mai shan kashi ne Ferguson ba.

Ta biyar, sabon abokin tarayya a auna shi da aikinsa. Sa'ad da Jim Ratcliffe ya sayi abin da ya ɗara rubu'in hannun jari a farkon 2024, aka miƙa masa ragamar ƙwallo, an yi murna kamar ranar salla. Sai ga shi an tsawaita wa Ten Hag kwantiragi a watan Yuli, an sallame shi a Oktoba, ƙungiya ta ƙare kakar a matsayi na 15 da maki 42, ta kuma rasa kofin Europa a hannun Tottenham a Bilbao. Ka rubuta masa wannan a littafinsa, ka bar shafi a buɗe domin alherin da zai iya biyo baya.

Ta shida, ka san yadda ake zartar da hukunci. Magoya baya na Ingila wasunsu sun ɓalle sun kafa FC United a 2005. A 2010 suka yafa mayafai kore da rawaya, launin Newton Heath, asalin ƙungiyar. A 2021 muryarsu, haɗe da ta sauran ƙungiyoyi, ta rushe shirin kafa wata sabuwar gasar attajirai cikin kwana biyu. Kai da ke nesa, makaminka harshe ne mai hujja da aljihun da kake iya tsukewa. Amma kujerar mai gidan kallo ba ta ci bashi ba, talabijin ɗinsa bai sayi Antony ba, kuma maƙwabcinka ɗan Arsenal yana da haƙƙin maƙwabtaka ko da ya yi maka shaƙiyanci har ƙofar gida. Wannan ladabi ya fi wajaba a kan ƙungiyoyinmu na gida, inda mai kulob yake jin muryarka da kunnensa: Kano Pillars, mallakar gwamnatin jiha, mai kofin gasa huɗu, ta faɗa rukuni na ƙasa a 2022, a kakar da aka zaftare mata maki saboda tarzoma, wato fushin masoya ya ƙara wa abin ƙaunarsu rauni. Duk wanda ya iya lissafa bashin Glazer daga nesa, to ya iya tambayar ko an biya 'yan wasan garinsu albashi, da waye ya naɗa shugabannin ƙungiyar, da kuma cancantar da aka duba.

Idan ka kiyaye waɗannan shida, za ka zama mutumin da ake yin shiru idan ya buɗe baki a majalisa, wanda in ya ce koci ya gaza an san ya auna, in ya ce laifin masu kulob ne an san ya ƙirga. Allah ya ba mu adalci a cikin fushi da yarda, ya kuma ba 'yan bayanmu natsuwa a mintin ƙarshe, amin.