Ƙara wa Helikwaftan Rimot Kaya, da Batun Gammo

Helikwaftan rimot yana tashi ne ta hanyar tura iska ƙasa da farfelarsa, kuma iya iskar da ya tura, iya kayan da zai ɗauka. Bajamushe Dieter Schlüter ne ya fara kai irinsa kasuwa a farkon shekarun 1970. Daga baya Japanawa suka mai da shi leburan gona: Yamaha RMAX, wanda ya fito a 1997, feshin magani yake yi a gonakin shinkafa. Wanda aljihun talaka ke kaiwa gare shi kuwa shi ne ajin 450, mai fikafikai masu tsawon milimita 325 da batir mai volt 11.1, wanda nauyinsa duka bai cika kilo ɗaya ba.

Hanyoyin ƙara masa ƙarfin ɗauka uku ne. Ta farko ita ce a rage nauyinsa shi kansa, a cire murfin ado da duk abin da ba ya aiki, domin kowane giram da aka cire wuri ne aka ba kaya. Ta biyu ita ce a sa wa injin giya mai haƙora da yawa don farfela ta ƙara gudu. Idan gudun ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, ƙarfin ɗagawa kan ƙaru da kashi 21, amma wutar da ake ci kan ƙaru da kashi 33, inji da batir su ɗauki zafi. Ta uku ita ce dogayen fikafikai ko ƙara karkatarsu, sai dai idan karkatar ta yi yawa inji kan gaza, gudu ya faɗi, wutsiya ta daina riƙe jirgin.

Akwai kuma abubuwan da ke yaudarar mai koyo. Iskar bazara mai zafi ba ta da kauri, don haka ɗaukarta kaɗan ce. Kusa da ƙasa jirgi kan samu tallafi daga iskar da ƙasa ke tarewa, wanda ke ɓacewa da zarar ya haura kamar faɗin farfelarsa. Kaya kuma dole ya zauna daidai ƙarƙashin sandar tsakiya. Idan aka rataye shi da doguwar igiya sai ya yi lilo, idan kuma ruwa ne sai ya ƙara nasa motsin a kai.

An ga haɗuwar dukan waɗannan a gwajin da mai wannan rubutu ya gudanar ranar wata Juma'a ta bazara, a filin ƙwallon unguwa, bayan saukowa daga masallaci. Kayan ƙullin zoɓo ne, rabin lita, wato kimanin giram 500, fiye da rabin nauyin jirgin, an ɗaure shi da igiyar shanya.

Tun ana ɗaurin wani tsoho mai sayar da rake ya baro baronsa ya zo ya tsaya, hannu a baya. Ya duba jirgin ta gaba, ya duba shi ta baya, sannan ya ce, "Yaro, ina gammonsa?" Aka ce masa, "Baba, ai wannan jirgi ne." Ya ce ya sani, amma tun yana saurayi yake dako, bai taɓa ganin wanda ya ɗauki kaya ba gammo ya wanye lafiya ba. Har ya kwance tsumman da ke wuyansa ya fara naɗewa. Da aka nuna masa cewa kayan a ƙasan jirgin suke, ya ce to a sa gammon a ƙasa, meye abin wahala. Ya ƙara da cewa a bar jirgin ya huta a inuwa tukuna, kuma a daina yi masa magana da ƙarfi.

Jirgin ya ɗaga ƙullin, yara suka sa ihu. A daidai ƙugu komai lafiya. Da ya haura kan mutum sai kukan injin ya yi ƙasa, wutsiya ta juya, hancin jirgin ya fuskanci matuƙi, wato mai wannan rubutu. A wannan hali dama kan koma hagu, hagu ta koma dama. Ƙullin ya fara lilo, matuƙi na gyarawa a makare, kowane gyara na ƙara wa lilon faɗi. Ya tura jirgin wajen ragar gola inda babu kowa, jirgin ya nufi hanyar masallaci inda akwai mutum ɗaya tak.

Mutumin mahaifin yarinyar da matuƙin ke nema ne. Yana sanye da babbar riga ta farar shadda, sabuwa fil, da bugu a jikinta, carbi a hannu. Ƙullin ya same shi a tsakiyar hula.

Ƙarar ba ta da yawa, "fat" ce kawai. Zoɓon ya tsaya a saman hular kamar yana shawara, sannan ya rabu biyu, kashi ɗaya ya bi bayan kunne, ɗaya ya biyo goshi, ya sauka ta karan hanci, ya ɗiga kan aikin wuyan rigar, ya bi zaren aikin layi-layi har aljihu. Dattijon bai goge ba. Carbin ma bai tsaya ba, ƙwaya ɗaya ta wuce, wata ta biyo. Wani yankin leda ya maƙale a gefen hular yana kaɗawa. Filin da ke cike da yara ya yi tsit, har ana jin ɗigar zoɓo a kan takalmi.

Matuƙin, wanda aka yi wa tarbiyya, ya durƙusa har ƙasa da rimot a hannu ya ce, "Barka da Juma'a, Baba." Durƙuson ya sa ya saki sandunan rimot ɗin. Jirgin da aka sauke wa giram 500 farat ɗaya kan yi sama da sauri, wannan ma haka ya yi, ya ƙare a cikin darbejiya. Dattijon ya bi shi da kallo har ganye ya gama zuba, ya dawo da idonsa ƙasa ya ce, "Kai ne injiniyan da ake faɗa mini?"

Ba a samu amsa ba. Mai rake ya ratso cikin yara, ya dubi rigar, ya dubi bishiyar, ya miƙo naɗaɗɗen tsummansa.

"Ai na faɗa. Gammo."