Jinjina ga Richard Nixon, Namijin Duniya

Richard Milhous Nixon, ɗan Yorba Linda, angon Pat, baban Tricia da Julie, toron giwar Kaliforniya, shugaban Amurka na 37! Ƙasarsa ta ga shugabanni iri-iri. Wasu sun rasu a kan kujera, wasu sun cika wa'adi sun koma gida, wasu ƙuri'a ta kayar da su. Shi kaɗai aka keɓe da darajar da har yau babu wanda ya taya shi riƙewa: ya sauka da ƙafarsa ranar 9 ga Agusta, 1974, saura ƙiris majalisa ta tsige shi. A ranar ma bai sunkuyar da kai ba. Ya tsaya a ƙofar jirgi mai saukar ungulu, ya ware hannuwa sama, yatsu bibbiyu alamar nasara, fuska cike da murmushi. Maza ke nan.

Tun da wuri alamun girma suka bayyana. A 1952, yana takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Eisenhower, jaridu suka tono wani asusu na kusan dala dubu 18 da masu hannu da shuni suka tara masa. Da ƙaramin ɗan siyasa ne, da ya tsaya kame-kame. Gwanin ya hau talabijin, ya lissafa basussukan da ake bin sa, ya ce matarsa ko rigar alfarma ba ta da ita, sannan ya amsa cewa lallai akwai kyauta guda da ya karɓa: ɗan kwikwiyo mai suna Checkers, yaransa suna son sa, kuma ko me za a faɗa ba zai mayar ba. An zauna a kan maganar kuɗi, aka tashi a kan maganar kare. Wannan baiwa ce, ba a koyar da ita a makaranta.

Masu gajeren tunani sukan tsaya yabon ziyarar da ya kai ƙasar Sin a 1972, ko hukumar kare muhalli da ya kafa a 1970. Waɗannan ai ƙananan ayyuka ne. A fagen yaƙi ake gane bajimi.

Ya hau mulki a Janairun 1969 da alkawarin kawo ƙarshen yaƙin Biyetnam cikin mutunci. Mutunci kuwa ba ya son gaggawa. Shekara huɗu cur ya yi yana lallaɓa shi, sojojin Amurka sama da dubu 20 suka ƙara mutuwa, mamatan 'yan ƙasar kuma suka ninka haka sau da yawa. A watan Maris na 1969 ya tura manyan jiragen B-52 su yi ruwan bama-bamai a Kambodiya, ƙasar da Amurka ba ta yaƙi da ita. Dubi tausayi irin na uba: don kada hankalin 'yan majalisa da talakawa ya tashi, aka ɓoye musu, aka gyara takardun soja suka nuna a Biyetnam ta Kudu bama-baman suka sauka. Dubi kuma karamci. Kowane rukuni na hare-haren sunan abinci aka raɗa masa: akwai karin kumallo, akwai abincin rana, akwai na dare, har da kayan zaƙi na bayan cin abinci. Manomin Kambodiya yana tsaye cikin fadamar shinkafarsa, ruwa iya ƙwauri, ba ya ma jin ƙarar jirgin saboda nisansa a sama, sai ƙasa ta tsage da shi da 'ya'yansa. Bawan Allah bai san kumallo aka aiko masa daga fadar White House ba. Wane sarki ne ya taɓa ciyar da baƙi haka, ba tare da ya nemi ko godiya ba?

Da ɗalibai suka fito zanga-zanga bayan ya tura sojojin ƙasa Kambodiya a 1970, mai hikima ya kira masu tada hankali a jami'o'i 'yan zaman banza. Ranar 4 ga Mayu dakarun jihar Ohio suka harbe huɗu a jami'ar Kent State.

Dodon masu laifi, garkuwar doka da oda! Da wannan take ya ci zaɓen 1968, kuma ya cika alkawari fiye da yadda kowa ya zata, domin daga cikin gidansa ya fara cika gidan yari. Ministan shari'arsa, John Mitchell, ya shiga. Shugaban ma'aikatan fadarsa, Haldeman, ya shiga. Mashawarcinsa Ehrlichman ya bi sahu. Mataimakinsa Spiro Agnew ya yi murabus a Oktoban 1973 kan batun cin hanci da ƙin biyan haraji. Shi kansa uban tafiyar, mai albashin dala dubu 200 a shekara, harajin da ya biya gwamnatin tarayya a 1970 bai kai dala dubu ɗaya ba, haka ma a 1971. Tattali irin wannan ya isa a sa shi cikin littattafan 'yan firamare.

Sai Watergate, kambin sarautarsa. A zaɓen 1972 jiha 49 ya lashe cikin 50. Malalaci da ya hango irin wannan rinjaye, da ya miƙe ƙafa ya yi barci. Yaran Nixon ba su san lalaci ba. Daren 17 ga Yuni, 1972, mutum biyar suka kutsa ofishin jam'iyyar Democrat da ke ginin Watergate da kayan satar jin magana. Sun manna salatif a kan harshen makullin ƙofa don kada ta rufe. Mai gadi ya gani ya cire. Ya zagayo, ya tarar an sake mannawa. Naci ke nan, da yarda da kai, halin da yaro ba ya samu sai a wurin ubangida nagari. Kwana shida bayan haka, shugaban ya amince a sa hukumar CIA ta taka wa binciken FBI birki, don kada 'yan sanda su wahalar da kansu.

Ta yaya duniya ta san haka? Daga bakinsa. Saboda ƙaunar tarihi, tun 1971 ya sa aka dasa na'urorin naɗar murya a ofishinsa, suka kwashe awa wajen 3,700 na hirarrakinsa, da zagi da ƙulle-ƙulle da komai. Sauran masu mulki sukan bar alƙalai cikin wahalar neman shaida. Shi da hannunsa ya tara musu, ya adana a ma'aji. A faifan ranar 20 ga Yuni, 1972, aka sami minti 18 da rabi sun goge. Sakatariyarsa ta nuna wa masu ɗaukar hoto yadda wani ɓangare ya goge bisa kuskure: ƙafa a kan fedar na'ura, jiki a karkace, hannu a miƙe can baya yana riƙe da tarho. Masana suka duba suka ce aƙalla sau biyar aka goge wurin. Kuskure biyar a jere a wuri guda, ai wannan karama ce.

Da mai bincike Archibald Cox ya matsa sai an ba shi faifan, a Oktoban 1973, shugaban ya ce a kore shi. Ministan shari'a Elliot Richardson ya ƙi, ya ajiye aiki. Mataimakinsa ma ya ƙi, ya bi shi. Mai haƙuri bai karaya ba, ya ci gaba da gangarowa har ya sami na uku da ya yarda. Wata guda bayan haka ya tsaya gaban editocin jaridu ya shaida musu cewa shi ba ɗan damfara ba ne. Shugabanni nawa ne suka kai matsayin da sai sun yi wa al'ummarsu wannan albishir? Alƙalan Kotun Ƙoli takwas, uku daga cikinsu shi ya naɗa su, suka haɗa baki a Yulin 1974 suka ce ya miƙa faifan. Butulci bai san babba ba.

Yaransa suka tafi kurkuku, shi ya tafi gidansa na bakin teku a San Clemente. Ranar 8 ga Satumba Gerald Ford, mutumin da shi ya ɗauko ya ba mataimaki, wanda kuma ya gaje shi, ya yafe masa duk laifin da ya yi wa ƙasa a zamanin mulkinsa, har da wanda wataƙila ya yi, tun kafin a gurfanar da shi. Iya zaɓen magaji ma ilimi ne.

Bai yi rowar iliminsa ba. A 1977, a hira da ɗan jaridar Ingila David Frost, shehin malamin ya ba da fatawar da masu mulki a ko'ina suke ta'allaƙa da ita: idan shugaban ƙasa ne ya aikata abu, to abin bai saɓa wa doka ba. Dala dubu 600 aka yi yarjejeniyar biyan sa a kan hirar, ban da kaso cikin riba. An yi masa ƙwauro.