Sanyin Maraɗi Ba Ya Kama Ƙafa

Da Disamba ta shigo, hunturu ya sauko, yaran Maraɗi sai su yi ƙiba dare ɗaya. Ba abinci ba ne. Riguna ne.

Da asuba ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 15, abin da iyaye mata ke ɗauka a matsayin shelar yaƙi. Kafin ƙarfe 8, an shafe ɗan lakwal da man kaɗe har yana ƙyalli, an zura masa riga uku, an ɗora wata jibgegiya daga 'yan gwanjon babbar kasuwa, wadda aka ɗinka don ƙanƙarar Turai. Hular sanyi ta rufe kunne. Idan malam ya yi tambaya, yaro bai ji ba, kuma yana da hujja.

Sai a duba ƙasa. Silifas ne, ƙafa fari fat, kaushi ya tsage. A Tibiri, fadar Gobir, akan ga ƙaramin yaro da hula da rigar sanyi har wuya, wando kuwa an bar shi gida yana hutawa. Da alama an yi sulhu da sanyi cewa iyakarsa cibiya.

Yaran Jiratawa sun fi kowa bin doka. Wankan safe an ɗage shi sai Fabrairu, amma shiga ruwan lambu ba wanka ba ne.

Da azahar rana ta kai digiri 30. Yaro ya dawo yana zufa, rungume da rabin dukiyar gidan.

"Ina hularka?"

"Inna, ta ji zafi ne."