Kowa da Irin Dannarsa

Shekara uku na yi ina aiki a wani shagon buga takardu da ke bakin ƙofar wata makaranta a Kano, lokacin da Windows XP take tashe. Kwamfutoci biyar ne a shagon, duka 'yan gwanjo masu ƙeya kamar randa, sai firinta ɗaya da janareto wanda ba ya tashi sai an lallashe shi. XP ta fito a 2001, Microsoft ya yaye ta a watan Afrilun 2014, amma har yau akwai shagunan da labarin yayen bai iso musu ba. A can na gane cewa hali zanen dutse ne ko a kan kibod. Mutum ya zauna minti biyar, kafin ya ce uffan ka san da wa kake tare.

Wanda ya fi kowa sammako shi ne mai rifiresh. Da ya zauna sai ya kama linzami, ya danna dama, ya zaɓi Refresh, ya sake, ya kuma sakewa, har sau goma sha, kamar direban tasha da ke ba mota wuta kafin ta cika. In ka tambaye shi sai ya ce yana ɗumama injin ne. Alhali abin da Refresh yake yi bai wuce sake zana gumakan da ke kan allo ba, ba ya ƙara wa kwamfuta gudun ko taku ɗaya. Ni na yi kuskuren nuna masa cewa F5 ma aikin da take yi ke nan. Daga ranar sai ya ɗora yatsa a kanta ya ƙi ɗagawa, gumakan suna ta karkarwa kamar masu masassara, shi kuwa yana gyaɗa kai, wai yanzu ne ta fara jin jiki.

Kusa da shi akwai mai yatsa ɗaya, wanda ke tsintar haruffa kamar kaza a bakin turmi. Babban baƙi ɗaya yake so, sai ya kunna Caps Lock, ya buga, ya manta bai kashe ba, sai ya ɗago kai bayan layi shida ya tarar duk rubutun ihu yake yi. Ya goge ya faro daga farko, bai san Shift da F3 za su juya masa shi a Word cikin ƙiftawar ido ba. Shi ne kuma mai kuskuren taɓa Insert, sabon rubutu ya riƙa haɗiye tsoho, ya ƙwalla kira: “Malam, zo ka gani, kwamfutarka tana cin rubutu!”

Amma gogan shagon shi ne mai laƙani. Wannan ya san abubuwa da gaske, sai dai ya fi boka rowar sani. In zai danna wani haɗi sai ya kare hannun dama da na hagu, ko ya ce ka je ka sayo masa ruwan leda. Ɗaliba za ta zo da filas tana hawaye, ƙwayar cuta ta mayar da duk fayilolinta gumaka marasa buɗuwa. Sai ya yi ajiyar zuciya, ya ce aikin babba ne, a dawo bayan la'asar. Tana fita ya danna madannin Windows da R, ya buga cmd, ya rubuta layi guda na attrib a baƙin allo, fayilolin su fito daga maɓoyarsu, domin dama ɓoye su aka yi, ba cinye su ba. Aikin minti ɗaya ne. Sauran awa ukun na ƙara wa ladan nauyi ne.

In aka tafi da shi sayen kwamfuta, mai shago yana cikin rantse-rantse a kan ƙarfin injin, sai ya miƙa hannu ya danna madannin Windows da Pause, wannan madannin na can saman dama da kowa ya ɗauka ado ne. Nan take bayanin injin ya bayyana, mai shago ya koma zancen zafin gari. Shi ne ya san cewa in XP tana tambayarka ko a maye gurbin fayil ɗari ɗaya bayan ɗaya, riƙe Shift ka danna No ya wadatar wa dukansu. Ya san in ka riƙe Shift lokacin sa faifan CD ba zai kunna kansa ba.

Laƙanin da na fi yi masa hassada shi ne na baƙaƙe masu lanƙwasa. Mu sauran in aka kawo rubutun Hausa, k da d da b muke bugawa tsirara, mai karatu ya raba ƙasa da kasa da kansa, ko a bi takarda da biro ana yi musu ƙugiya. Alamar naira kuwa N muke bugawa mu ja mata layi biyu. Shi nasa rubutun sai ya fito da ƙ da ɗ da ɓ cif. Wata biyu ina fakonsa, har ranar da na hango yatsunsa a gilashin wata matacciyar kwamfuta da ke gefensa. Ashe a Word lamba yake bugawa ya bi ta da Alt da X: 0199 ta zama ƙ, 0257 ta zama ɗ, 0253 ta zama ɓ, 20A6 ta zama ₦. Na koma mazaunina ina rawar jiki na gwada da kalmar “baƙo”, abin ya ƙi. Sai da na kwana biyu na gano dalili: Word tana ɗaukar haruffan a zuwa f a matsayin lamba, don haka ta haɗa b da a cikin lissafin. Sai ka ba da tazara, ka buga lambar, ƙ ta fito, sannan ka goge tazarar. Ranar da ya ga ƙ a takardata bai ce komai ba. Kallona kawai ya yi, irin kallon da mai gona yake yi wa akuya.

Akwai kuma ɗan tsokana, wanda iliminsa bai taɓa amfanar kowa ba. Sabon shiga ya ce intanet ba ta sauri, sai ya ce masa cikin tausayawa, “Danna Alt da F4, za ta gyaru.” Shafin ya rufe, fom ɗin da aka yi rabin awa ana cikawa ya bi ruwa. In ka fita alwala, ka dawo ka tarar allonka ya kife, ƙasa ta koma sama. Ctrl da Alt da kibiyar ƙasa ya danna, dabarar da ke aiki a wancan lokacin a kwamfutoci masu katin hoto na Intel, maganinta kuma Ctrl da Alt da kibiyar sama. Na taɓa ganin wani bawan Allah da bai san maganin ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya, ya rungumi allon nan mai nauyin buhun siminti yana ƙoƙarin kifa shi a kan tebur. In abin yi ya ƙare wa ɗan tsokana, sai ya danna Shift sau biyar, kwamfuta ta yi ƙara kamar an taka ɗan tsako, ya ce wa mai ita injin ya kusa ƙonewa.

Mai karta ba ya damun kowa. Solitaire ce sana'arsa, bugun takardu kuwa abin da yake yi ne in maigida ya shigo. Babban yatsansa na hagu a kan Alt yake kwana, manuni a kan Tab, da ya ji takun maigida sai katunan su ɓace, wata tsohuwar wasiƙa ta bayyana. Ya manta sunan wasan yana nan ɓaro-ɓaro a layin ƙasan allo. Tun 1990 aka sa wasan nan a Windows don mutane su saba da jan linzami, shi kuwa ya shekara bakwai yana sabawa. Ɗan tsokana ne ya kashe masa kasuwa, ranar da ya nuna masa Alt da Shift da 2, katunan suka hau tsalle, an ci wasa ba a buga ba. Sati guda ya yi ba walwala.

Mai yatsu uku kuwa magani ɗaya ya sani, kamar mai tallar maganin da ke warkar da basir da ciwon ido. Firinta ta ƙi, Ctrl da Alt da Del. Sauti ya ɗauke, Ctrl da Alt da Del. David Bradley, injiniyan IBM da ya ƙirƙiro haɗin don kwamfutarsu ta 1981, da gangan ya zaɓi madannan da ba a dannawa tare bisa kuskure. Bill Gates da kansa ya amsa a 2013 cewa kuskure ne da aka mayar da shi ƙofar shiga Windows. Mutuminmu bai ji wannan ba, kuma ko ya ji ba zai daina ba.

Wanda nake girmamawa shi ne Baba, tsohon mai tafireta da ya yi ritaya daga ma'aikatar gwamnati. Dukan kibod yake yi kamar yana bin ta bashi, domin hannunsa da ƙarfe ya saba. A WordPerfect mai shuɗin allo ya koyi kwamfuta, don haka in zai buga takarda Shift da F7 yake dannawa, Word kuwa ta buɗe masa ƙamus, ya ja tsaki ya ce na'urorin yanzu ba su da tarbiyya. Linzami a wurinsa kayan wasan yara ne. Wata rana yaran unguwa suka kwashe ƙwallayen da ke cikin linzamanmu, shago ya tsaya cik. Baba ko gezau. Ctrl da Esc ya buɗe Start, Tab da kibiyoyi ya zaga inda yake so, Shift da F10 suka tsaya masa a madadin dannan dama. Muka kewaye shi muna kallo. Bai ɗago ba ya ce, “Yaro, mai ƙafa ba ya jiran jaki.”

Saura ni. Ni ne wanda ya san Ctrl da S sarai, yake koya wa mutane, amma ba ya dannawa. Wata Alhamis ina shafi na sha takwas a babi na uku na kundin wani ɗalibi, ko suna ban ba fayil ɗin ba, aka ɗauke wuta. Kafin janareto ya yarda ya tashi na jiƙe da gumi, ga ɗalibin zai dawo da magariba. Ba yadda na iya, na je na durƙusa wa mai laƙani. Ya dube ni ya daɗe, ya ce aikin babba ne, naira ɗari biyu, kuma in je in sayo ruwan leda. Na dawo na tarar da shafi sha bakwai a kan allo, na biya har da godiya.

Sai bayan wata guda Baba ya gaya mini cewa Word tana ajiye kwafin gaggawa duk minti goma, kuma da ka sake buɗe ta bayan ɗaukewar wuta ita da kanta take miƙo maka shi a gefen hagu. Na ce, “To Baba, kana zaune a wurin, me ya hana ka faɗa mini?”

Ya ce, “Ruwan guda biyu ka sayo. Ɗaya nawa ne.”