Mu Huɗu, Rasit Ɗaya

Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Mararaba ya san abin da ke haɗa tuzurai gida ɗaya. Aiki a Abuja, kwana a Jihar Nasarawa, albashi kuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ke lashe shi a cunkoson Nyanya. Mai gida ba ya karɓar kuɗin wata sai na shekara cif, dillali na gefe yana jiran la'adarsa ta kashi 10 cikin 100. Sai a ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mutum huɗu su yi karo-karo su kama ciki biyu da falo. Da farko kowa ɗan albarka ne. Sai an shiga wata na 11 halin kowa ke fitowa.

Akwai Na-Tura. Shi bai taɓa cewa ba zai biya ba. "Wallahi mutumina na tura tun jiya, ba ka ga alat ba?" Ya zaro waya ya nuna maka wani hoto da sauri, kafin ka karanta ya mayar aljihu. Yau banki ne ya riƙe, gobe sabis ne babu, jibi mai POS ya tafi ɗaurin aure. Kuɗinsa kaɗai ne a faɗin Nijeriya ke yin mako uku a hanya, kamar a jaki aka ɗoro su.

Sai Malam Lissafi, wanda ni a wurina ya fi kowa gajiyarwa. Yana biya kam, amma sai an yi zaman kotu. Ya je gida hutun Sallah kwana tara, don haka a cire masa. Ɗakinsa taga ɗaya ne, na ɗayan biyu, ina adalci? Ranar da aka sayi katin wuta ya tsaya gaban mita da biro, yana ƙirga abin da dutsen gugar kowa ya ci. Jarkar mai ruwa ma ya san wanda ya yi wanka da bokiti biyu. Amma in tulun gas ya ƙare, ranar zai tuna yana azumin nafila.

Mai Baƙi shi zuciyarsa fara ce, da aljihun wasu. "Ƙanena ne, takardun neman aiki ya kawo, kwana biyu zai yi." An ce baƙo raɓa ne, to wannan raɓar damina ta zama. Bayan wata huɗu baƙon ya yanko makullinsa, ya san inda ake ɓoye suga, har shi ke yi wa wasu iso. In ka tayar da maganar haya, sai a tuna maka haƙƙin zumunci.

Ango ba ya daɗewa. A tsakiyar shekara zai fara haɗa lefe, ya kwashe katifarsa, ya ce a mayar masa da kuɗin wata shida, sannan ya miƙo maka katin gayyata da maganar gudummawa. Ɗan bautar ƙasa ma haka: an ƙara alawus daga naira 33,000 zuwa 77,000, amma ranar da ya karɓi takardar sallama, ranar lambarsa ke daina shiga.

Duk waɗannan mai gida bai san da zamansu ba. Mutum ɗaya ya sani, wanda ya sa hannu a takardar yarjejeniya, sunansa ke kan rasit. Galibi shi ne mai kunya a cikinsu, wanda ranar kama gida aka ce masa, "Kai ne babba, sa hannu kawai." Shi ake tarewa a ƙofa da sassafe.

"Alhaji, ni na haɗa nawa, saura mutum biyu."

"Samari, ni gida na ba ka haya, ban ba ka a yanka-yanka ba. Ka cika, ko ka ga notis."

Sai ya ci bashin adashen ofis ya cika, ya dawo yana bin abokansa da lallashi kamar shi ake bi. In ya ɗaga murya a ce ya cika son kuɗi.

Ba sai na faɗa muku wane ne ni a cikinsu ba. Rasit uku ke cikin jakata, duk da sunana, kuma har yau alat ɗin Na-Tura bai shigo ba.