Nasiha Ga Mai Son Ya Shayar da Katako Mai, Ya Kuma Ci Abinci da Sana'ar

Daga cikin dukkan ma'aikatan da ke hidima a ɗakin girki, tun daga tukunya har muciya, babu wanda ake tauye wa haƙƙi kamar katakon yanka, domin kuwa shi ne ake sara da wuƙa tun hantsi, a daddatsa nama a gadon bayansa da azahar, a yayyanka albasa da attarugu a kansa da la'asar, sa'an nan, bayan duk wannan wahala, a jefa shi cikin bahon wanke-wanke ya kwana a ruwa, gari ya waye a kife shi a tsakar rana. Ranar kuwa da ya gaji ya tsage, maimakon a jajanta masa, sai uwargida ta ce kafinta ne ya cuce ta. Saboda haka na ga ya wajaba in rubuta wannan 'yar nasiha ga wanda Allah ya sa wa tausayin itace a zuci, yake kuma neman wata ƙaramar sana'a ta halal wadda jarinta bai fi ƙarfin talaka ba, watau haɗa man gyaran katako da sayar da shi.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, itace ko an sare shi an fafe shi bai daina sha da fitar da ruwa ba. Da damina yakan sha laima ya kumbura, da hunturu kuwa, sa'ad da busasshiyar iskar arewa ta taso har leɓɓan mutane suka farfashe, sai ya saki ruwan ya tsuke; kuma tun da bayansa yana rigan cikinsa bushewa, sai ɓangarorin su ja juna har ya kantare ko ya dare. Aikin mai shi ne ya shiga ƙofofin itacen ya cika su, aikin kakin zuma kuwa shi ne ya tsaya a bakin ƙofa ya rage shige da ficen ruwa. Iyakar hikimar ke nan, kuma duk wanda ya fahimce ta ya riga ya sami rabin sana'ar. Kada kuma wani ya raina maka katako ya ce roba ta fi shi tsabta, gama wani malami mai suna Dean Cliver, tare da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, sun buga bincike a 1994 inda suka nuna cewa ƙwayoyin cuta da aka zuba a kan katako sukan nutse cikinsa, a kasa samun yawancinsu a samansa bayan ɗan lokaci, alhali robar da wuƙa ta riga ta farfasa tana da wuyar tsabtacewa da hannu.

To, mas'ala ta farko, wadda a kanta ne mafi yawan masu niyya suke zamewa, ita ce zaɓen mai. Zuciya za ta raya maka cewa ga man gyaɗa nan a kwalba, ga manja, ga man shanu a ƙwarya, me zai kai mutum kasuwa? Ka yi ta'awwuzi daga wannan waswasi. Duk man da ake miya da shi, in ya daɗe yana shan iska, yakan tsufa ya soma wari ya yi danƙo, kuma idan ya tsufa a cikin ƙofofin katako babu sabulun da zai bi shi can ya fito da shi. Sai ka tarar an yanka kankana tana ɗanɗanon tsohon ƙuli-ƙuli, maigida yana tambayar laifin da ya yi. Manja kuwa, ban da wannan, zai rine katakon ya rine duk abin da aka ɗora masa. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, har takan kai su asibiti, kai kuwa ba ka san gidan da gwangwaninka zai shiga ba. Man kaɗe mai albarka ne, ina kuma girmama shi, ya dace da muciya ko akushin da ake wankewa kullum ana sake shafawa. Amma hajar da za ta yi watanni a kanti tana jiran mai saye tana bukatar man da ba ya tsufa.

Wannan mai shi ne farin man da masu kantin magani suke sayarwa da sunan likwid farafin, wanda likitoci suka daɗe suna bayarwa ga mai fama da taurin ciki. Daga man fetur aka tace shi, tacewa mai tsanani, har ya zama ba shi da launi, ba shi da ƙamshi, ba shi da ɗanɗano, kuma ba ya lalacewa don ya sha iska. A nan wajibi ne in ɗaga murya, domin a ƙasar Ingila kananzir ma farafin suke ce masa: kada ka aiki yaro ya dawo maka da man fitila. Haka nan man inji, sabo ko tsoho, haramun ne a wannan babi ba tare da wani saɓani ba, kuma man jarirai mai turare ka bar wa jarirai abinsu, don babu wanda ke son tsirensa ya yi ƙamshin ɗakin mai jego. Ka nemi wanda aka rubuta a jikin kwalbarsa cewa na sha ne ko na abinci, ka kuma karanta da idonka.

Amma kakin zuma, wanda ya fito daga halittar da Allah ya girmama har aka sa wa sura ta 16 a Alƙur'ani sunanta, mafi aminci shi ne ka je wurin masu amya da kanka ka sayi saƙar da aka matse zumarta, wadda sau da yawa zubar da ita suke yi. Ka zuba ta a ruwan zafi har ta narke, ka tace da tsumma mai tsabta, ka bar ta ta huce. Da safe za ka tarar kakin ya taso sama ya daskare, dattin ya kwanta a ƙarƙashinsa, sai ka kankare. In ka maimaita tacewar zai ƙara haske. Ka guji tukunyar baƙin ƙarfe, domin takan dusashe launinsa. In kuwa dole ta sa ka saya a dunƙule a kasuwa, to ka sansana, na ƙwarai yana da ƙamshin zuma a hankali, ka kuma karya shi ka duba, gama akwai bayin Allah da suke narka kyandir su gauraya, Allah ya shirye mu da su baki ɗaya. Ka kuma sani cewa ranar da kake wannan dahuwa ƙudan zuma na unguwa za su zo ziyarar dukiyarsu, saboda haka ka rufe taga, ka kuma sanar da maƙwabta tun da wuri, don kiyaye haƙƙin maƙwabtaka.

Awon da aka fi bi shi ne kashi 1 na kaki, kashi 4 na mai, da ma'auni ba da ƙiyasin ido ba: giram 100 na kaki da giram 400 na mai za su ba ka giram 500, watau cikin gwangwani 10 masu cin giram 50. Amma wanda zai yi ciniki a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda haja kan narke tun ba a yi tayinta ba, ya kamata ya mai da shi 1 da 3, ko ya ƙara ɗan ƙanƙanin kakin karnauba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya na ƙasar Brazil, domin shi sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, alhali kakin zuma yana sallamawa tun daga digiri 62 zuwa 64. Kada ka ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. Ka ɗora tukunyar ruwa, ka sa kwano a cikinta, ka zuba kakin da ka yayyanka ƙanana a kwanon, tururi da ruwan zafi su yi aikinsu. Idan ya narke sai ka tsiyaya man sannu a hankali kana juyawa, har su zama abu guda garau. Ba a barin wannan tukunya a tafi gaisuwa, ko da kuwa surukai ne suka yi sallama. In ƙaddara ta sa ya kama wuta, ka rufe shi da murfi ka kashe murhu. Ruwa a kan mai mai ci ba ya ƙara komai sai bala'i.

Daga nan sai ka zuba a gwangwanaye busassu, ka bar su a buɗe har su daskare, sa'an nan ka rufe. A wannan gaɓa ce fitina ta cikin gida takan taso, domin abin zai fito fari-fari mai ɗan rawaya, da laushi da ƙamshi, kuma kowa a gidan zai gano masa wani amfani: kaka za ta ce ai maganin faso ne, 'yan mata su ce ya dace da leɓe, ƙaramin yaro kuwa ba zai ce komai ba, sai dai a gan shi yana lasar yatsa. Ɗan abin da ya lasa ba abin tashin hankali ba ne, amma in ya gama da gwangwani guda, ka tuna aikin da likitoci suke sa wannan mai, ka shirya wa daren. Ka ware wa kaka nata tun farko, ka sami albarka, sauran kuwa ka kulle.

Yadda ake shafawa wajibi ne ka iya shi har ka koyar, gama shi ne rabin abin da kake sayarwa. A wanke katako, in yana da ƙarni a goge shi da gishiri da lemun tsami, a jingine shi a tsaye cikin inuwa har ya bushe sarai, don wanda ya shafa mai a kan jiƙaƙƙen itace ya kulle ruwan ne a ciki. In wuƙa ta yi masa rauni da yawa, a bi shi da samfefa mai laushi. Sa'an nan a ɗebi man da tsumma a murza ko'ina, ciki da baya da gefuna, musamman wajen kan itacen inda ya fi sha. Wanda ya shafa fuska guda ya bar ɗaya, shi ya koya wa katakonsa kantarewa. A bar shi ya kwana, da safe a goge abin da ya rage. Sau ɗaya a wata ya isa, da hunturu a ƙara. Alamar lokaci ya yi kuwa ita ce a ɗiga ruwa, in ya tsaya ya dunƙule to da saura, in ya nutse nan take to katako yana jin ƙishi.

Wannan gwaji na ɗigon ruwa shi ne babban ɗan kasuwarka, domin wahalar sana'ar ba ta wajen dahuwa, tana wajen shawo kan mutumin da bai gama sayen man miya ba ya yarda cewa katakonsa ma yana da rabo. Kada ka yi dogon wa'azi, gani ya kori ji. Ka riƙa yawo da tsohon katako wanda ka shafe rabinsa ka bar rabi, ka ɗiga ruwa a ɓangarorin biyu a gaban mai saye, ka yi shiru. Ka fara da kafintoci da masassaƙa masu akushi da muciya da turmin kirya, irin na kasuwar Kurmi a Kano, domin hajarsu takan ƙara kyau in an shafe ta, su kuma za su iya haɗa wa mai saye da gwangwani guda. Ka bi da masu gidajen abinci, da mata masu haɗa kayan ɗakin amare. Mahauci kuwa ka gaishe shi da ladabi, ka ce, “Ranka ya daɗe, Sarkin Fawa,” amma kada ka sa rai da yawa, don zai gaya maka gungumensa ya fi ka cin kitse, kuma ba za ka ci nasarar wannan muƙabala a gaban jama'arsa ba.

Abin da na fi jin tsoro a gare ka shi ne ranar da kasuwa ta buɗe, domin a ranar ce Shaiɗan yakan zo da lissafi, ya nuna maka arahar kyandir da tsadar kaki. Malamanmu na fiƙihu, kamar yadda yake a babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid, sun hana algus da ɓoye aibin haja, kuma sura ta 83 ta sauka da gargaɗi mai tsanani ga masu tauye awo. Gwangwanin da aka rubuta wa giram 50, to ya zama 50. Kada kuma ka ɗauki halin masu tallan magani da lasifika, ka ce manka yana kashe ƙwayoyin cuta, yana haɗa tsagaggen katako, yana kuma sa amarya ta iya tuwo. Ba ya ko ɗaya. Katakon da ya dare har ciki, kafinta ne maganinsa ko murhu, kuma katakon ɗanyen nama dabam, na ganye dabam, ko an shafe su sau nawa. Ka rubuta abin da ke cikin gwangwani, da nauyinsa, da ranar haɗawa, da yadda ake amfani da shi. Idan harka ta wuce maƙwabta ta kai ga kantuna, ka yi rajistar sunan kasuwancinka a hukumar CAC, ka kuma je ofishin NAFDAC ka tambayi abin da suke bukata ga haja irin taka kafin su zo su tambaye ka.

Wajen yanke farashi kuwa, ka lissafa mai da kaki da gwangwani da takarda da gawayi da kuɗin mota, ka sa ladan wuninka a kai, domin wanda ya manta da guminsa a lissafi zai yi shekara yana murna jarinsa yana ƙarewa. Ka kuma ƙidaya gwangwanayen da dangi za su ɗauka “don su gwada”, ka mai da su sadaka da zuciya ɗaya, amma ka yi musu iyaka. Bashi hanji ne yana cikin kowa, sai dai jarin gwangwani goma ba shi da cikin da zai ɗauke shi. Ka yi babbar dahuwarka a watan Oktoba, kafin hunturu ya sauka mutane su fara jin ƙarar katakonsu da dare, ka ajiye hajar a inuwa nesa da murhu, kuma nesa da inda uwargida take ajiye man shanu.