Bazazzagi da Buhunan Div

Kai Bazazzagi, bawana, matso kusa. An ce ka koyi gina shafin intanet, kana zaga Samaru da kwamfuta a hammata, yara na kiran ka injiniya. To, na buɗe cikin aikin naka na gani. Div a cikin div, a cikin wani div, har idona ya yi ruwa. Kan shafi div, jerin mahaɗai div, gindin shafi ma div. Haba! Tun 1962 jami'a take a garinku, abin da ka tsinta ke nan?

Kada ka je ka ce na zagi div. Dattijo ne, yana cikin HTML 3.2 tun 1997, kuma da shi aka yaye mutane daga tsara shafi da layukan tebur. Aikinsa ya tattara kaya wuri guda, CSS ta zo ta jera su ta yi musu kwalliya. Sai dai buhu ne marar shaida, ba ya gaya wa kowa abin da ya ƙunsa. Mu a Kantin Kwari ko dilar atamfa sai an rubuta mata suna kafin ta hau mota.

Da HTML5 ta tabbata a 2014, kowane sashe ya samu sunansa: header, nav, main, article, footer. Ba don ƙawa aka yi ba. Makaho da manhaja ke karanta wa allo, da waɗannan sunaye yake tsallake tarkace ya dira kan labari kai tsaye. A shafinka kuwa sai ya saurari komai tun daga sama, bawan Allah. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne div ɗin da ka shafa wa shuɗi ka ce maɓalli ne. Wanda ke tafiya da Tab zai wuce shi bai ma san yana nan ba, alhali ga button a zaune, kyauta.

Su kansu masu ƙa'idar HTML sun ja kunne cewa sai an rasa wanda ya dace sannan a ɗauko div. Kai kuwa da shi kake karin kumallo.

Ka koma ka gyara. In ya gagare ka, hau mota a Kwangila ka taho Kano, yaranmu su koya maka. Ba ma karɓar kuɗin bawa.